Rigar ceto ko igiyar wuya: wacce ta fi wa kare a ruwa?

Masu shiga kwalekwale da kare sukan ɗaure shi da igiya a wuya, ko su sa masa rigar ceto.

Igiya ba ta cin kuɗi, kuma tana hana shi tsalle ya bi agwagwa. Amma in jirgi ya kife, ita za ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa. Ko shi kaɗai ya faɗa, jan sa ta wuya shaƙewa ce.

Rigar kuwa soso ne a cikinta, mai ɗaga jiki. Mai kyau tana da ƙarin soso ƙarƙashin haɓa don hanci ya tsaya sama, da mariƙi a gadon baya. Hannu ɗaya za ka sa ka tsamo shi. Launinta mai haske ne, ana hangowa daga nesa. Sai dai a auna ƙirjinsa kafin a saya, don in ta yi masa yawa zamewa yake.

Ba kowane kare ne ya iya iyo ba. Irin karen da ake kira Labrador gwani ne, amma wanda ake kira buldog, da nauyin ƙirji da gajerun ƙafafu, nan da nan yake nutsewa. Gwanin ma ruwan sanyi na gajiyar da shi. Ni dai rigar na zaɓa, igiya sai an hau tudu.