Na'urar tace iska da na saya saboda muzurunmu, da abin da mai shago bai faɗa mini ba

Ita na'urar ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi mini amfani. Wanda ya sayar mini da ita ne har yau in na tuna da shi nake jin raina ya ɓaci. Na ga gara in rubuta, domin shagunan kayan lantarkin nan na Sabon Gari sun cika da irinta tun da aka fara yayinta, kuma na san ba ni kaɗai ba ce a Zariya mai kyanwa a gida da hanci a toshe.

Ɓeraye ne suka addabe mu a sito, har buhun masara suka huda. Ana cikin haka wata ɗaliba maƙwabciyarmu ta gama karatunta a Kongo, reshen jami'ar Ahmadu Bello, za ta koma garinsu, ta bar mana ɗan muzurunta. Yara suka yi ta murna, musamman auta, wadda ta mai da ɗakina wurin kwanansa. Ba a jima ba na fara atishawa a jere, idanuna suka yi ja suna ƙaiƙayi, inda duk ya ɗan karce ni sai wurin ya tashi ya yi borin jini. Ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ake ba mutum a kyamis, chlorpheniramine, suna tsayar da atishawar, amma barcin da suke sa ni ya fi ƙarfina, ga shi ina da aji da safe. Surukata ta ce gashin mage ne, a fitar da shi kawai. Maigida ma can ya karkata. Ni kuwa na kasa. Dabbar da ta saba a ba ta abinci a kwano, a jefa ta layi cikin sanyi? Mu da muke karanta wa yara hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ban ga da wane ido zan kalli auta ba.

Da wannan damuwar na shiga shagon. Na yi wa mutumin bayani dalla-dalla, har na gaya masa ina da asma tun ina yarinya, ko da yake ta daɗe ba ta tashi ba. Ya sauko da wata fara mai siffar ganga, ya jona ta, ya ce, "Hajiya, kin zo inda ya dace. Ki rufe ɗaki, ki kunna ta, ki danna wannan maɓallin mai shuɗiyar fitila. Shi ne mai kashe komai da ke cikin iska. Ko a kan gadonki magen take kwana, ke da atishawa har abada." Na tambaye shi filta fa, in ya ƙare? Ya ce akwai su birjik, kuma in ya yi datti ma ai wankewa ake yi. Kun dai san kuɗin waɗannan abubuwan yanzu. Adashina na ɗauka na ba shi.

Farkon Disamba ne, hunturu ya kankama, kowa ya toshe tagoginsa. Na yi yadda ya ce. Tun daren farko na lura da wani wari a ɗakin, irin wanda ake ji a shagon fotokwafi idan inji ya daɗe yana aiki. Maƙogwarona ya riƙa bushewa yana ƙaiƙayi, ina tari kaɗan-kaɗan, to amma wa ba ya tari a hunturun Zariya? Sai wani dare na farka tsakar dare, ƙirjina a ɗaure tamau. Ina jan numfashi yana fita da ƙara, siririn fito, kuma ba ya isa ciki. Na tashi zaune, na dafa gefen gado, na so in kira maigida amma maganar ba ta fita gaba ɗaya, sai kalma ɗaya in tsaya, kalma ɗaya in tsaya. Da hannu na tashe shi. Ya haska fuskata da fitilar waya, na ga yadda ya firgita, wannan ya ƙara tsorata ni. Babu inhela a gidan, don rabona da buƙatarta tun kafin aure. A wannan lokacin kuma ina za a samu Keke Napep a unguwarmu? Ƙofar maƙwabcinmu ya je ya yi ta bugawa, Allah Ya saka wa bawan Allan nan da alheri, ya fito da motarsa ko hula bai tsaya sawa ba. Ina bayan mota a zaune, na sunkuya gaba, gilas a sauke, sanyi na dukan fuskata, ina ta salati a zuci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne auta da na baro a bakin ƙofa rungume da yayarta tana kuka, tana cewa ita ce ta jawo don ita ta kai muzurun ɗakin.

A wani asibiti mai zaman kansa da ke kusa da mu aka sa mini nebulaiza, na'urar da ke mai da magani kamar tururi a shaƙa. Sai da ƙirjin ya saki, wajen kiran assalatu, sannan likitan ya zauna ya yi mini tambayoyi. Da na ambaci kyanwa ya gyaɗa kai. Da na ambaci na'ura da shuɗiyar fitila da warin nan, sai ya ajiye biro. Ya ce wasu daga cikin na'urorin nan suna da wani sashe da ke caza iska da lantarki, kuma irin wannan sashen kan fitar da iskar ozon, wadda ke fusata hanyoyin numfashi, mai asma kuwa ita ce ta fi saurin tayar masa da ciwo, balle a rufaffen ɗaki dare guda cur. Ya ce abu biyu ne suka haɗu mini, ga kyanwa na kwana a ɗakin, ga wannan. Kada in sake danna maɓallin.

A bakinsa na fara jin cewa ba gashin ba ne asalin matsalar. Wani furotin ne da ake kira Fel d 1, yana cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta. In tana lasar jikinta sai ta shafe gashinta da shi, ya bushe, ya tashi cikin iska a ƙananan ɓarɓashin da ido ba ya gani, ya daɗe yana yawo, ya manne wa labule da katifa da tufafi. Bai ɓoye mini ba, ya ce abin da ya fi shi ne a raba ni da kyanwar, kuma ko an fitar da ita yau, sai an yi watanni kafin gidan ya washe. In kuwa na dage, to da sharaɗi: ɗakin kwana ya haramta gare ta kwata-kwata. Ya rubuta mini cetirizine 10mg sau ɗaya a rana, da maganin fesawa a hanci mai sitiroyid wanda ya ce sai na jure kwanaki kafin in ga aikinsa, da inhelar salbutamol da zan riƙa ajiyewa kusa. Ya kuma ja mini kunne kan maganin ɗigawan nan mai buɗe hanci nan take, ya ce in aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi sai hancin ya dawo ya fi da toshewa. Haka ma ya gargaɗe ni kan ƙwayar dexamethasone da wasu masu kyamis ke haɗa wa mutane cikin maganin mura.

Da na samu ƙarfi na koma shagon da takardar asibiti a hannuna. Wallahi ban je don faɗa ba, so nake ya sani don kada ya gaya wa wata abin da ya gaya mini. Ko karɓar takardar bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ai mun sayar da su da yawa, ba wanda ya taɓa dawo mana da ita. Sanyi ne ya kama ki." Mutumin da na gaya wa ina da asma da bakina. Ko sannu bai ce mini ba, kuma ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, wai kaya in sun fita ba a dawowa da su. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ma kusan duk rubutun Sin ne, ta ina mai saye zai gane?

Tun da kuɗi ba za su dawo ba, na ce bari in gwada ta yadda likita ya ce. Muka naɗe kafet ɗin ɗakin muka fitar, aka wanke labule da zannuwan gado da ruwan zafi, aka shanya katifa a rana aka bubbuge ta, ni ina gidan yayata ranar. Na daina shara da tsintsiya a ɗakin, sai mofa da jiƙaƙƙen tsumma. Aka koma rufe ƙofa, muzuru ya koma kwana a baranda cikin kwali da tsohon bargo. Na kunna na'urar, shuɗiyar fitila a kashe.

A nan ne ta ba ni mamaki, kuma dole in faɗi gaskiya. Warin nan ya ɓace. Na fara tashi da asuba hancina a buɗe, abin da na manta yadda yake. Na san magani na aikinsa, amma daren da aka ɗauke wuta batirin inbata kuma ya yi ƙasa har ta mutu, da safe na ji bambanci a idanuna. Wutar da take ci ba ta fi ta fanka ba, ƙaramar solarmu na ɗaukarta har gari ya waye in rana ta yi kyau. A mataki na ƙasa ƙararta ba ta hana barci. Ranar da maigida ya buɗe ta ya nuna mini abin da ya taru a jikin filtan, ƙura ja da siraran gashi sun yi kauri, sai na ce ashe duk wannan huhuna ne ke tace shi. Irin wannan filtan da ake kira HEPA, in na gaskiya ne, yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ɓarɓashin da girmansa ya kai maikron 0.3 (ƙanƙantar da ido ba ya gani), shi ne duk amfanin na'urar, shuɗiyar fitilar ba ta ƙara mini komai ba sai kwanan asibiti. A falo kuwa ba ta da tasiri. Ƙofa ba ta rufuwa, yara na shige da fice, kuma abin da ya riga ya manne wa kujeru ba ya cikin iska balle ta zuƙe shi. Turaren wuta ma dole na haƙura da shi a ɗakin, don ina sa garwashi fitilarta ke komawa ja ta hau gudu, ga shi hayaƙin yana cinye filta. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, mace a ce ɗakinta ba turare.

Shi ma muzurun mun kai shi asibitin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka yi masa allurar rigakafin haukan kare da maganin tsutsa, aka dandaƙe shi. A can aka tabbatar mana cewa muzurun da ba a dandaƙe ba ya fi fitar da furotin ɗin nan, kuma wanka yana rage shi amma cikin 'yan kwanaki yake dawowa, saboda haka ba sai mun riƙa kokawa da shi a bahon wanka ba. Babban ɗana ne ke taje shi a tsakar gida yana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, shi ne kuma mai kwashe yashin da yake bayan gida a ciki. Ni in na taɓa shi sai in wanke hannu kafin in kai fuska. Ɓera kuwa ko ɗaya ba mu sake gani ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce ku saya, ku dai kiyayi maɓallin. To amma hunturu bai ƙare ba filtan ya toshe. A jikin kwali an rubuta zai yi wata 6, ƙurar Zariya ba ta bar shi ya kai ko kusa ba. Iskar da ke fita ta ragu, na'urar ta fara gurnani. Na koma wurin mutumin da ya ce filta birjik, ya ce kaya na hanya daga Legas. Na sake komawa, kaya na hanya. Daga baya ya ce ai ya gaya mini wankewa ake yi. Allah Ya sa na fara tambayar mai gyaran firij na layinmu, ya ce kada in kuskura, irin wannan filtan kamar takarda yake a nannaɗe, ruwa na taɓa shi ya lalace, ragar waje kaɗai ake iya gogewa. Wato ƙarya ta biyu ke nan, kuma da na bi ta da na rasa filtan gaba ɗaya.

Na zaga Sabon Gari da PZ, ƙanena ya duba a Kaduna, wani ya duba mana a Kano. Filtoci akwai, amma na wasu kamfanonin, wannan ya fi tsayi, wancan ya fi faɗi. Sunan da ke jikin tawa ba wanda ya san shi. Yanzu maigida ne ke fita da filtan waje yana goge ragar a hankali, muna lallaɓawa, atishawar safe kuma ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Surukata ta sake tayar da maganar a fitar da muzuru, auta ta sake shiga damuwa, inhela na ƙarƙashin matashina. Na kashe adashi guda a kan abin da rayuwarsa ke rataye da wani filta da mai shagon ya san ba ya da shi tun ranar da ya karɓi kuɗina. Zuwan da na yi na ƙarshe ya rubuta lambata a bayan wani rasit, ya ce da kaya sun sauka zai kira. Har yanzu bai kira ba, kuma na ga ya jera sababbi guda uku irinta a gaban shagon.