Tayil ruwan ɗorawa ko ƙusoshin ƙarfe a bakin wurin tsallaka titi?

Injiniya, ka tambayi abin da ya fi dacewa a sa a ƙasa don makafi su gane sun iso bakin titi: tsakanin tayil mai tudu-tudu ruwan ɗorawa da ƙusoshin ƙarfen nan masu walƙiya da ake kafawa ɗaya bayan ɗaya, ɗauki tayil ɗin. Duka biyun na taɓa sa su, kuma ɗaya har yau ina cizon yatsa a kansa.

Da yawa daga cikin waɗanda muke kira makafi ba duhu ɗungum suke gani ba. Wani yanar ido ce ke damunsa, wani dishi-dishi yake gani, wani gefen idon ne ya mutu. Sanda da tafin ƙafa sai an iso kan tudun suke ba da labari, ido kuwa tun daga nesa yake hango inda titi ya fara.

Wata rana mun gama shimfiɗa ruwan ɗorawa a jikin baƙin daɓe, muna goge ragowar siminti, sai ga wani dattijo da sanda da tabarau mai kauri. Tun sandarsa ba ta taɓa tudun ba ya ja ya tsaya, ya ce, "Yaro, wannan kam ina hango ta." Ya ce da can in magariba ta kawo kai, sai ya ji iskar mota a jikinsa yake sanin ya iso baki. Na sha wucewa ta wurin daga baya. Tayil ɗin ya ɗan kode, amma launin na nan, domin an kwaɓa shi ne a cikin jikinsa.

Ƙusoshin kuwa, suna da kyau a hoto, iyakar abin da zan yaba ke nan. Da rana ƙyallinsu na kashe ido, da hadari su saje da kankare, in an yi ruwa ga santsi, wasu kuma suka tuge suka bar mini ramuka. Ba banza ba ƙa'idar Ostireliya ta nemi bambancin haske na kashi 30 cikin ɗari tsakanin tayil da daɓen da ke kewaye da shi, amma ta ɗaga shi zuwa 45 ga irin waɗannan da ake kafawa a warwatse.

Sai dai kar ka ɗauka ruwan ɗorawa a ko'ina yake aiki. Ya yi suna ne tun daga Japan, inda Seiichi Miyake ya ƙirƙiro tayil ɗin a 1965, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. A Ingila ja ake sawa a wuraren tsallakawa masu danja. Dokar Amurka ma ba ta tsayar da launi ba, cewa ta yi mai haske a kan mai duhu, ko mai duhu a kan mai haske. In daɓenka farin kankare ne, ruwan ɗorawa zai iya ɓacewa a ciki. Nan sai ka nemi mai duhu sosai. Gwajin ba wuya: ɗora samfur a wurin, ka ɗauki hoto da waya ka mayar da shi fari da baƙi. Sannan ka watsa ruwa ka sake ɗauka, don jiƙaƙƙen kankare duhu yake yi. In a hoton sai ka ƙura ido kafin ka gane tayil ɗin, bai yi ba.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu tayil ruwan toka suke fesa wa fenti, damina ɗaya takalma sun kankare kan tudun. Wasu kuma samfur daban, kayan da za a sauke maka daban. Ranar da mota ta kawo kaya, zaro ɗaya daga tsakiyar lodi ka fasa shi a gabansu. In cikinsa bai yi launin samansa ba, kar ka sa hannu a takarda.