Robar wuyan rigar nutso: wacce za ka saya don kada ta ci maka wuya

Masu shiga ruwa da tukunyar iska a dam ɗin Tiga, ko Challawa ta wajen Ƙaraye, ko Watari ta Bagwai, ba sanyi kaɗai ke sa su nemi rigar da ruwa ba ya ratsawa ba. Da hunturu ƙasan ruwa yana da sanyi, gaskiya ne, amma babban dalili shi ne raba fata da ƙazamin ruwa da tsargiya. Rigar kuwa ba ta aiki sai robar da ke wuyanta ta kama fata tsam, kuma daga nan ne yawancin kuka yake fitowa: jan zane zagaye da wuya, raɗaɗi, wani lokaci har saɓewar fata.

Kafin ka fitar da kuɗi, gane abin da ke cin wuyan. Idan jan layi ne daidai inda bakin robar ya zauna, ya fito da fitowarka ruwa, ya washe cikin kwana ɗaya ko biyu, gogayya ce: gumi, tsiron gemu, rairayi, ko roba mai matsewa. Idan ƙuraje ne masu ƙaiƙayi da suka ɓullo bayan kwana ɗaya ko biyu, fatar ce ba ta shiri da sinadaran da aka sarrafa robar da su. Idan kuma borin jini ne cikin 'yan mintuna, da kumburi ko sarƙewar numfashi, jiki ne ya ƙi lateks, wato robar da ake yi da ƙaron itacen roba, kuma wannan na asibiti ne, kada a yi wasa da shi. Wanda safar hannu ta asibiti ko balan-balan ke sa wa ƙaiƙayi ya haƙura da lateks tun a kanti.

Robar wuyan iri uku ce: lateks, niyofirin da silikon. Lateks shi ne mafi araha, siriri ne, yana miƙewa, yana tare ruwa sosai. Sabo yakan zo a matse, da zobba da aka zana a jikinsa don a rage. Auna wuyanka da tef ɗin tela, ka duba jadawalin kamfanin da ya yi rigar. Ka fara ɗame robar a kan tukunyar iska ta kwana, sannan ka yanke zobe ɗaya da almakashi mai kaifi, ka gwada na 'yan mintuna kafin ka ƙara. Yankan ya tafi santal, domin daga 'yar tsaga ɗaya robar take kecewa, kuma abin da ka yanke ba ya dawowa. Roba mai matsewa ba ciwon fata kaɗai take jawowa ba: tana danne jijiyoyin gefen wuya, bugun zuciya ya ragu, jiri ya zo, mutum yana iya suma a ƙarƙashin ruwa. Duk wanda fuskarsa ta yi ja ko kansa ya ɗau sarawa tun a tudu, kada ya shiga. Aibin lateks a ƙasarmu shi ne zafi. Rana, ɗakin kwano a watan Afrilu, ajiya kusa da janareta, duk suna cinye shi, sai ka ga ya yi danƙo ko ya tsattsage. Lateks mai danƙo kuwa manne wa fata yake, ya ja ta duk juyawar kai. Sauya shi sai da gam da wanda ya iya.

Niyofirin, roba mai kama da soso, mai kaurin kamar milimita 3, ya fi taushi da ɗumi, ya fi daɗewa. Ana naɗe bakinsa ciki, ɓangaren mai santsi ya kwanta a fata. Ba a rage shi da almakashi kamar lateks, saboda haka sai ka sayi daidai wuyanka, kuma da tsufa yana saki ya fara ɗiga. Ga aiki cikin ƙazamin ruwa wannan ɗigar ba ƙaramin aibi ba ne, ga shi kuma yana tara gumi da zafi.

Silikon shi muka fi yarda da shi ga mai fata marar juriya. Babu lateks a cikinsa, yana da laushi, rana ba ta lalata shi da wuri. Sai dai gam ba ya kama shi, dole rigar ta kasance da zoben da ake maƙala shi, irin na kamfanin Si Tech. Zoben yana ƙara kuɗi, kuma mai ƙananan kafaɗu yakan ji yana tokarinsa, don haka a gwada rigar a ɗaga hannuwa kafin a biya. Ribarsa ita ce idan robar ta kece a bakin dam, ka cire ka sa wata nan take, ba sai an aika riga Legas ba. Farce ko zoben yatsa na iya yaga shi, yana kuma kwasar ƙura, abin da hunturu ba ya rasawa, sai a ɗauraye shi kafin a saka. Mai sayen silikon ya haɗa da guda ɗaya na ajiya.

Akwai kuma wani ƙawanya mai taushi, Apollo Bio-Seal, da ake sawa tsakanin fata da roba. Yana rage gogayya ƙwarai, amma maiƙonsa yana gaggauta lalacewar lateks, sai an wanke robar bayan kowace shiga.

Maiƙo dai shi ne abokin gabar lateks. Basilin, man kaɗanya, man gyaɗa, turare, maganin sauro na shafawa, ko ɗaya kada ya taɓa shi. Fatar da hunturu ya busar a shafa mata mai da dare, a wanke wuya da sabulu da safe. Aski ma a yi shi da dare, don sabon aski da gumi raɗaɗi suke haifarwa. Wajen sakawa a barbaɗa hoda marar ƙamshi, a buɗe robar da tafin hannu biyu, a shimfiɗa ta ƙasa da maƙogaro ba tare da ninki (ban da naɗin bakin niyofirin) ko gashi a ƙarƙashinta ba. Bayan fitowa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, ta bushe a inuwa. Wuyan da ya riga ya saɓe a bar shi ya warke kafin a koma ruwa.