Bugun zanen gadar Battersea na Whistler: na takarda ya fi na kanbas nesa ba kusa ba

Masu sayar da kwafin zane-zane a intanet suna kawo wannan hoto iri biyu, ɗaya a takardar auduga mara sheƙi, ɗaya a kanbas da aka ɗaure a katako aka shafa masa man ƙyalli. Na takardar ya cancanci kuɗinsa. Na kanbas ɗin kuwa yakan kashe hoton, kuma dalilin yana cikin yadda aka yi zanen tun asali.

James McNeill Whistler, Ba'amurke mazaunin Landan, ya zana shi tsakanin 1872 da 1875, yana nan a hannun gidan adana zane na Tate tun 1905. Tsayinsa santimita 68, faɗinsa 51. Abin da ke ciki kaɗan ne: ginshiƙi ɗaya na tsohuwar gadar katako ta Battersea, wadda aka rushe a 1885, ya miƙe daga kogin Tems, mutane kamar inuwa suna wucewa a samansa, wani mutum shi kaɗai a kan jirgin ruwa daga ƙasa. Can nesa ga fitilun gaɓa, ga tartsatsin wasan wuta yana zubowa kamar garin zinariya. Whistler ya ƙara wa gadar tsayi da gangan, salon da ya koya daga hotunan bugun katako na Japan. Yakan shiga kwalekwale da dare ya ƙare wa kogin kallo, sai ya koma gida ya zana daga ƙwaƙwalwa, da fenti mai ruwa-ruwa sosai, har yakan kwantar da kanbas ɗin a ƙasa don kada fentin ya zurare.

Saboda haka sama da ruwa kusan launi ɗaya ne, shuɗi mai sirkin toka da ɗan kore, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. A shari'ar da Whistler ya yi da John Ruskin, mai sharhin zane-zane da ya kushe aikinsa, a 1878, wadda aka ba Whistler diyyar rubu'in kwabon Ingila kacal, an shigo da wannan hoto kotu, har alƙali ya tambaya ina gadar take a ciki. To idan asalin ya rikita alƙali, ina ga bugun da injin ya cika masa tawada?

A nan ne takardar ta yi zarra. Ana buga ta da tawada mai garin launi, irin da ba ta saurin kodewa, kuma injinan wannan aiki suna da tawadar toka kala biyu ko uku ban da baƙa. Wannan ne ke sa duhu ya sauka a hankali daga ƙarƙashin gadar zuwa bakin ruwa ba tare da layi-layi ba. Matso da ido kamar taƙi ɗaya daga takardar: za a ga sawun burushi a kwance a kan ruwan, kowane ɗigon wasan wuta kuma yana tsaye shi kaɗai, bai narke cikin shuɗin ba. Aibinta ɗaya, fuskarta ba ta jure taɓawa. Farce ko yatsa mai maiƙo ya goge ta, tabon ya zauna ke nan.

Na kanbas matsalarsa huɗu ce a haɗe. Man ƙyallin yana mayar da hasken taga, sai rabin hoton ya koma madubi. Saƙar yadin tana haɗiye ƙananan fitilun gaɓa. Sannan wasu masu bugawa sukan naɗe santimita 3 zuwa 4 na kowane gefe a jikin katakon, abin da ke cin wani ɓangare na saman gadar, inda masu tafiya suke. Galibi kuma sukan ƙara wa shuɗin ƙarfi don ya ɗauki ido a waya, ya fito kamar an tsoma shi a marina, alhali daren Whistler dare ne mai hazo.

Kafin a biya, a tambayi mai sayarwa girman fayil ɗin. Bugu daidai girman asali a kan ɗigo 300 a kowane inci yana buƙatar kusan fiksel 8,000 a tsaye da 6,000 a kwance. A duba awo ma: hoton huɗu bisa uku ne, don haka 60 da 45 ya dace, amma 70 da 50 sai an yanke gefe.

Wajen rataya, a sa kwali mai kauri tsakanin takarda da gilashi don kada laimar damina ta manne su, a liƙe bayan firem ɗin da kyau saboda ƙurar hunturu. Tsakiyar hoton ya kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, a bangon da ba ya fuskantar taga. Farin kwan lantarki mai kaifi yana mayar da kogin fari fat. Kwan mai ɗan ja-ja, mai lamba 2700K zuwa 3000K, wanda ke haskowa daga sama a karkace, shi ne ke fito da zinariyar tartsatsin ya bar ruwan cikin duhunsa.