Monita ɗaya, kwamfuta biyu ko uku: abin da za ka duba kafin ka ciro kuɗi a Computer Village

Teburin da nake aiki a kai a Agege bai kai tsawon darduma ba. Wanda ya san kuɗin haya a Legas ya san dalili: ɗaki ɗaya ne, gado ya ci rabi. Ga shi kwamfuta biyu nake amfani da su kullum, laftof ɗin ofis wadda ba a yarda a saka mata wata manhaja ba sai da izini, da tawa ta tebur wadda nake zanen katin biki da allunan shaguna da ita da daddare. Na yi watanni ina zare wayar monita daga wannan in soka a waccan, in durƙusa bayan tebur ina laluben kafar maus. Ranar da kafar HDMI ta laftof ɗin ta fara rawa, hoto ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke, hankalina ya tashi, don kayan amana ne, ba nawa ba.

Na'urar da aka yi domin wannan matsala ana kiranta KVM, daga haruffan farko na kibod, bidiyo da maus a Turance. Ƙaramin akwati ne. Monita da kibod da maus su shiga ta gefe guda, kowace kwamfuta ta shiga da wayoyinta ta ɗaya gefen, ka danna maɓalli komai ya koma kan wadda kake so. Sai dai ba ita kaɗai ce hanya ba, kuma ba kowa ne yake bukatarta ba.

Kafin ka bar gida zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, juya kowace kwamfuta da monita ka ɗauki hoton kafofinsu da wayarka. Yawancin asarar da ake yi a wannan ciniki daga nan take farawa. Mutum ya ce wa mai shago "ina son na kwamfuta biyu", a ba shi mai HDMI, ya sha gosulo ya iso gida ya tarar da tsohuwar kwamfutarsa VGA kawai gare ta, sabuwar kuwa sai USB-C. Kafofin hoto da za ka tarar su ne VGA mai shuɗin baki da kusoshi biyu, DVI, HDMI, DisplayPort mai kusurwa ɗaya a yanke, da USB-C. Kada ka dogara da cewa za ka haɗa da adafta. Wayar da ke ɗauko hoto daga DisplayPort ta kai HDMI hanya ɗaya take bi, ba ta komawa baya. Idan kwamfutarka HDMI take fitarwa, akwatin kuma DisplayPort yake karɓa, sai ka sayi wata na'urar mai juya siginar, kuma duk abin da ka ƙara a tsakani wata ƙofa ce ta matsala.

Hanya mafi sauƙin kuɗi, wadda masu shago ba su cika kawo maka ita da kansu ba, ita ce ka bar maganar hoto ga monitarka. Kusan duk monitar zamani tana da kafa biyu ko uku a baya. Soka kwamfuta ɗaya a HDMI, ɗaya a DisplayPort ko VGA, sannan ka sayi ɗan akwatin da ke raba USB kaɗai, irin wanda UGREEN da wasu kamfanoni suke yi, domin kibod da maus. Alherin wannan tsari shi ne hoto yana tafiya kai tsaye, babu mai tare shi a hanya, saboda haka duk ingancin da monitarka take iya bayarwa za ka same shi cif. Wahalarsa kuwa dannawa biyu ce, ɗaya a akwati, ɗaya a monita, kuma wasu monitocin sai ka danna sau uku ko huɗu a cikin jerin saitinsu kafin ka kai ga sauya kafa. Wanda ke sauyawa sau biyu a yini, da safe aikin ofis, da yamma nasa, ni dai shawarata ya tsaya nan. Akwai ma kibod marasa waya irin Logitech K380 da MX Keys masu maɓalli uku, kowanne na na'ura ɗaya, waɗanda ba sa bukatar akwatin, sai dai maus, muddin ofishinku bai toshe Bluetooth a laftof ba.

Wanda ke tsalle tsakanin kwamfutoci sau ashirin kafin azahar, shi ne mai bukatar KVM na gaske. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin akwatuna biyu za su yi kama ɗaya a ido, baƙi da baƙi, kafa huɗu da kafa huɗu, farashi kuma ya ninka, kuma akwai dalili.

Fara da abin da aka rubuta a kwali. Za ka ga "4K", wato hoto mai tsananin kaifi, da manyan haruffa. Nemi ƙaramin rubutun da ke biye. Idan 30Hz ne, to HDMI 1.4 ne a ciki, hoton yana sabuntawa sau 30 kacal a daƙiƙa, maus zai riƙa jan ƙafa kamar mai ciwo, idonka ya gaji kafin la'asar. HDMI 2.0 ne yake kai 4K a 60Hz, haka ma DisplayPort 1.2. Masu wasannin kwamfuta da monitar 4K mai 120 ko 144Hz sai su nemi DisplayPort 1.4 ko HDMI 2.1, kuma su shirya aljihu. Amma in monitarka 1080p ce, wadda ba ta kai 4K ba, mai 60Hz, kamar yawancin waɗanda ke ofisoshinmu da shagunanmu, HDMI 1.4 ya ishe ka, kada wani ya sa ka biya kuɗin abin da idonka ba zai gani ba.

Abu na biyu shi ne wanda ya ci mini kuɗi. Kowace monita tana gabatar da kanta ga kwamfuta, ta faɗa mata sunanta da girman hoton da take iya ɗauka. Wannan bayani shi ake kira EDID. Akwati mai araha, da zarar ka sauya, sai ya yanke wannan zance baki ɗaya, kwamfutar da ka bari ta ɗauka an zare mata monita. Akwatina na farko haka yake. Zan jera aikina, takardar lissafi a hagu, saƙonni a dama, in leƙa ɗaya kwamfutar na minti ɗaya, in dawo in tarar duk tagogin manhajojin sun tattare sun koma kan ƙaramin allon laftof, sun ƙanƙance, sun hau juna. Allon kuma ya yi baƙi na daƙiƙu kafin ya dawo. Sau ɗaya abin ya faru ina tsakiyar nuna wa mutanen ofis lissafi a taron bidiyo, na ji nauyin abin sosai. Akwati mai kyau yana riƙe wannan bayani a ƙwaƙwalwarsa, ya ci gaba da faɗa wa kowace kwamfuta cewa monita tana nan. A kwali za ka ga an rubuta "EDID emulation". Kamfanoni irin ATEN na Taiwan da TESmart suna da samfura masu shi, amma ba duk samfuransu ba, sai ka duba lambar samfurin da ke hannunka. An fi samunsa a akwatunan HDMI. A na DisplayPort ya yi ƙaranci kuma ya fi tsada. Idan za ka ƙara kuɗi a kan abu ɗaya tak, to a kan wannan ka ƙara. Araha ba ta ado.

Sai kafofin USB. Galibi akwai biyu da aka zana wa hoton kibod da maus, ta nan akwatin ke sauraron umarnin sauyawa, a samfura da yawa ta hanyar danna Scroll Lock sau biyu. Ka duba ko kibod ɗinka yana da wannan maɓalli, domin ƙananan kibod da yawa sun daina zuwa da shi. Kibod na masu wasa da wasu maus marasa waya masu ƙarin maɓallai kan rasa wasu ayyukansu a waɗannan kafofi biyu. Maganinsa ka soka su a kafar USB ta gama-gari, amma daga nan sai dai ka riƙa miƙa hannu ka danna maɓallin akwati. Idan za ka raba filash ko ma'ajiyar bayanai ta waje, nemi USB 3.0 mai gigabit 5 a daƙiƙa, domin USB 2.0 megabit 480 ne iyakarsa; ga firinta da kibod kuwa ya wadatar. Kuma kada ka taɓa sauyawa ana cikin kwafe fayil zuwa filash, daidai yake da fizge shi daga jikin kwamfuta.

Maganar wuta ba a rubuta ta a kwali don mu ba, amma mu muke zaune da ita. Wasu akwatunan daga USB na kwamfuta suke jan wuta, wasu suna zuwa da cajarsu. Na fi son mai caja, domin ba ya gazawa idan ka jibga masa kayan USB. Sai dai idan aka ɗauke wuta, laftof tana nan a kan batirinta, akwati da monita kuwa sun mutu, kibod da maus ma sun bi su. Haɗa cajar akwatin a kan UPS ko inbata tare da monita, ba a bango kai tsaye ba, domin lokacin da ake juyawa zuwa janareta ne ƙananan na'urori irin wannan suka fi ƙonewa. Duba bakin cajar ma, namu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wasu kuwa da na Amurka suke zuwa.

Masu sababbin laftof da USB-C kaɗai, ku yi hattara: ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Sai wadda ke da DisplayPort Alt Mode ko Thunderbolt, wadda sau da yawa za ka ga alamar D ko ta walƙiya a gefenta. Wayar ma haka, ta cajin waya ba lallai ta ɗauki hoto ba. Idan akwatin yana cajin laftof ta waya ɗaya, kwatanta watt ɗin da yake bayarwa da abin da aka rubuta a cajarka. Mai MacBook Air M1 ko M2 kuma kada ya ɓata kuɗi a kan KVM mai monita biyu, monita ɗaya ta waje waɗannan suke iya ɗauka da kansu.

Idan dama kana shirin sauya monita, dakata da sayen akwati. Akwai monitoci masu KVM a cikinsu. Dell U2723QE, inci 27, 4K, tana ba laftof har watt 90 ta USB-C, waya ɗaya ta kawo hoto, ta kai caji, ta ɗauki kibod da maus. Gigabyte M27Q ma tana da maɓallin KVM a bayanta, amma USB-C ɗinta ba ta da ƙarfin cajin laftof. Ga mai ƙaramin tebur babu abin da ya kai wannan tsafta. Kuɗinsa ne da nauyi, kuma galibi kwamfuta biyu ce iyakarsa.

Za ka ji ana maganar manhajoji, Mouse without Borders na Microsoft mai haɗa kwamfutocin Windows har huɗu, da Synergy, da Universal Control da Apple ya fitar a 2022. Suna da daɗin aiki, amma kibod da maus kawai suke rabawa, kowace kwamfuta sai da allonta.

Ba kowa ne ke bukatar duk wannan ba. Kawuna yana da kantin kayan masarufi, a ofishinsa akwai tsohuwar kwamfutar lissafi da na'urar kyamarorin tsaro, monita biyu sun cika masa tebur har babu wurin ajiye littafin bashi. Na fara yi masa bayanin EDID, ya ɗaga hannu ya ce, "Kai yaro, ni dai in danna in ga sito, in danna in ga lissafi." Na ce, "To Kawu, an gama." Duka biyun suna da VGA, sai na sayo masa KVM na VGA mai kafa biyu, mafi araha a kasuwa. Na'urar kyamara ba ta da tagogin da za su tarwatse, hoton kuma ya ishi lissafi. Abin da kawai na tabbatar shi ne maus yana aiki da na'urar kyamarar ta cikin akwatin, don wasunsu suna da tsirfa.

Farashi ba zan rubuta ba, da dala yake tashi yake kwana. Ana samun kayan a Computer Village da ke Ikeja, musamman layin Otigba, da kasuwar Alaba International a Ojo, kuma daga Agege jirgin ƙasa na Red Line yana sauke ka Ikeja ba tare da ka sha rana a danfo ba. Ana iya yin oda ta intanet, amma ga wanda bai taɓa riƙe irin na'urar ba, cinikin biri a sama ne, mayarwa kuma aiki ce. Ɗauki laftof ɗinka ka je da ita. Wuce masu tarbar ka a bakin titi ka shiga shago mai lamba da rasit. Ka ce a haɗa maka da monita da wata kwamfutar a gabanka. Buɗe tagogi biyu ka jera su a monita, ka sauya ka dawo sau goma, ka ga ko suna nan inda ka bar su, ka ƙirga daƙiƙun da allo ke yi a baƙi. Shiga saitin allo ka tabbatar 60Hz ya nuna. Buɗe kwali ka ƙirga wayoyi, kowace kwamfuta tana bukatar ta hoto da ta USB, kuma sau da yawa gajeru ake sakawa, ba za su kai akwatin da ke ƙarƙashin tebur ba. In tokumbo ne, wato na hannu, gwada kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ka da niyyar amfani da su yau. Sannan a rubuta maka lambar samfurin a rasit da adadin kwanakin da aka yarda ka dawo da shi.

Nawa na yanzu HDMI 2.0 ne mai kafa biyu da EDID, yana manne a ƙarƙashin tebur, ƙaramin maɓallinsa mai waya yana gefen kibod. Na farkon kuwa na ba ƙanena da ke karatu a Yaba, wanda kwamfutarsa da na'urar wasansa kawai yake haɗawa da shi.