Zama shida na ketamin tare da mai ba da shawara: abin da na gani

Wata biyar ke nan da na gama zama na shida, kuma da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi. Da a makon farko na rubuta, da yabo zalla za ku karanta, domin a lokacin ji nake kamar an ɗauke mini dutse daga ƙirji. Yanzu ƙura ta lafa, zan iya faɗin abin da ya amfane ni da abin da ya ɓata mini rai.

Shekara bakwai ina fama da ciwon damuwa. Na sha sertraline na watanni, aka mayar da ni kan venlafaxine, duk babu wani sauƙi na a zo a gani. Idan an gwada magani iri biyu bisa ƙa'ida ba a dace ba, likitoci kan ce ciwon ya ƙi jin magani, kuma a wannan gaɓar ce likitan ƙwaƙwalwar da ke duba ni ya kawo maganar ketamin. Gabana ya faɗi. Abin da na sani game da shi bai wuce cewa maganin sa barci ne na ɗakin tiyata ba, kuma wasu na shan sa don maye. Duka biyun gaskiya ne. Calvin Stevens ne ya haɗa shi a 1962, Amurka ta amince da shi don tiyata a 1970, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka wallafa cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na iya rage ciwon damuwa cikin sa'o'i zuwa kwanaki, alhali magungunan da na saba sha sai an yi makonni ana jiran su fara aiki. Waɗancan a kan serotonin suke aiki, shi kuwa ketamin a kan glutamate, duka biyun sinadaran aika saƙo ne a ƙwaƙwalwa, kuma masana na ganin yana taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ƙulla sababbin hanyoyi a tsakaninsu.

Kafin a sa mini komai an auna jinina, an bincika zuciyata, an tambaye ni ko na taɓa jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, ko akwai mai irin wannan a danginmu. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da mai irin waccan larurar, da mai juna biyu, ba a cika ba su ba. Sannan na yi zama biyu da mai ba da shawara, wata mace mai sanyin murya, muka tattauna abin da nake tsoro da abin da nake fata.

Ta hanyar ƙarin ruwa aka ba ni, rabin miligiram ga kowane kilo na nauyina, a hankali cikin minti 40. Ina kishingiɗe, an rufe mini ido, ma'aunin jini na matse mini dantse lokaci lokaci. Bayan 'yan mintuna hannuwana suka zama kamar ba nawa ba. Ina jin muryar ma'aikaciyar jinya, amma kamar daga ƙarshen wani dogon lungu. Lokaci ya ɓace mini gaba ɗaya. Ba barci na yi ba, kuma ba daɗi na ji ba, wannan ya kamata duk mai niyya ya sani. Abin da ya faru shi ne na ga tunanin da ke cin raina kullum, cewa ni nauyi ne a kan kowa, ya koma can nesa kamar kaya a kan teburin wani. Karon farko a shekaru na kalle shi ba tare da ya shaƙe ni ba.

Zama na uku ya yi mini tsanani. Na ji kamar ina narkewa, na tabbata ba zan dawo ba. Mai ba da shawarar ta ce, “Malam, ina nan tare da kai. Ja numfashi, zai wuce.” Ya kuwa wuce. Ban san yadda zan yi ba da ni kaɗai ne a ɗakin, shi ya sa hankalina ke tashi idan na ji ana aika wa mutane irin wannan magani su sha a gida babu mai lura da su.

Inda aikin yake, a ganina, shi ne washegari. Kowane ƙarin ruwa yana biye da zaman tattaunawa na sa'a guda, kuma a nan ne na iya buɗe baki kan rasuwar yayana, abin da na shekara bakwai ina kewaye shi a gaban likitoci. Maganin ya sassauta ni na 'yan kwanaki, mai ba da shawarar kuma ta yi amfani da kwanakin. Ta sa na rubuta abin da na gani tun bai dushe ba, ta tambaye ni abu guda da zan iya canzawa a wannan makon, muka fara da komawa aiki rabin yini. Ƙanwata da ke zuwa ɗauka ta, tunda an hana ni tuƙi sai washegari, ita ta fara lura. Ta ce, “Yaya, ka san yau kai ka fara gaishe ni?”

Tashin zuciya na yi sau biyu, jinina ya hau a kowane zama kafin ya sauka, ciwon kai kuma ya bi ni zuwa dare. Waɗannan an faɗa mini tun farko, ban riƙe kowa da su ba.

Abin da na riƙe cibiyar da ta ba ni maganin da shi daban ne. Ba su yi mini bayani ƙarara cewa sauƙin kan ja baya ba. Mako uku bayan zama na ƙarshe nauyin ya fara dawowa, na ɗauka ni ne na lalata abin, na kwana biyu ban fita daga ɗaki ba. Babu wanda ya kira daga wurinsu. Ni na nemi likitana, shi ya gaya mini cewa haka yake ga mutane da yawa, tasirin kan yi kwanaki ko makonni, shi ya sa wasu ke komawa a ƙara musu. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa mini tun ranar farko. Haka kuma takardunsu ba su fito da cewa amfani da ketamin na jijiya don ciwon damuwa ba ya cikin abin da aka yi masa rajista ba. Wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019 shi ne esketamine, wani nau'in ketamin, feshin hanci mai suna Spravato, kuma shi ma sai a asibiti, a zauna sa'a biyu ana lura da mutum. Batun kamuwa da jarabar shan ketamin da lalata mafitsara ga masu yawan sha a layi ɗaya suka ambace shi, alhali mutuwar ɗan wasan kwaikwayon Amurka Matthew Perry sanadiyyar ketamin a Oktoban 2023 ta nuna wa kowa abin da ke faruwa idan maganin ya fita daga hannun masu kula.

Ga wanda ya gwada magunguna bai dace ba, ina ganin ya cancanci ya tattauna da likitansa, amma ya tambayi cibiyar wa zai zauna da shi a ɗakin, zaman tattaunawa nawa ne, da me suka tanada bayan zama na ƙarshe. Ni ban daina shan maganina na kullum ba. Sau ɗaya na koma aka ƙara mini, kuma har yanzu ina ganin mai ba da shawarar duk mako biyu. Ranar Talata mai zuwa za mu yi maganar komawata aiki cikakken yini.