Hoto ko girgiza: wanne ya fi nuna baƙin rami?

Malamin kimiyya a lakkwal ɗin Maraɗi da zai koyar da baƙin ramin samaniya, wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, yana da hujja biyu a hannu.

Ta farko hoto ce. Ranar 10 ga Afrilun 2019 aka fitar da hoton ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87, rami mai nauyin ranarmu sau biliyan 6.5. Na'urorin hange takwas a sassan duniya suka haɗu suka ɗauke shi. Zobe ne ja kamar garwashin murhu, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Ɗalibi na gani a waya ya gamsu, sai dai inuwa ce da iskar gas mai zafi da ke kewaye, ramin kansa ba ya ganuwa.

Ni dai ta biyun ta fi kama ni. Ranar 14 ga Satumban 2015 na'urorin LIGO a Amurka, masu auna girgizar sararin samaniya, suka ji sarari ya girgiza, saboda ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana 36, ɗayan 29, sun yi karo sun haɗe shekara biliyan 1.3 da suka wuce. Hannayen na'urar masu tsawon kilomita 4 suka motsa da abin da bai kai ƙwayar zarra ba, siginar kuma ba ta kai daƙiƙa guda ba. Tun 1916 masanin kimiyya Einstein ya hango irin wannan girgiza. Matsalarta a aji, zane ce mai lanƙwasa kawai, sai malam ya sha bayani da alli kafin yara su kama.